Tsakanin tsawa da harsashi: a koya wa sojanmu kokawa

Makon jiya da daddare, a teburin mai shayin unguwarmu, wani yaro ya miƙo waya aka zagaye ta ana kallon bidiyon bikin yaye kuratan soja. Samari ne majiya ƙarfi, sun tuɓe riguna, sun jeru sahu-sahu suna ihu da murya ɗaya suna naushin iska. Can aka jera bulo, ɗaya ya matso ya sare shi da gefen hannu. Wani ya kwanta rigingine aka aza masa dutse a ciki aka farfasa da guduma. Manyan baƙi a rumfa sai tafi suke yi.

Wani dattijo da ke gefena, tsohon direban tirela, ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, mutanen da ake yi wa ruwan harsashi a daji, bulo za su je fasawa?" Wani matashi ya karɓe, "Baba, ƙyale su. Duniya na maganar jirgi marar matuƙi, mu muna nan muna kareti." Aka kwashe da dariya, aka koma zancen ƙwallo.

Ni kam na tashi raina a ɓace, kuma da ɓangarorin biyu nake. Abin da ke cikin bidiyon wasa ne na burge baƙi, babu abin da zai tsinana wa soja ranar da wani ya riƙe masa bindiga. Su kuma masu dariyar sun yi kuɗin goro, sun haɗa wasan da ainihin horon suka watsar.

Matsayina shi ne, sojan Najeriya na buƙatar horon faɗan hannu na gaske, mai gumi da faɗuwa da tashi, fiye ma da yadda sojojin ƙasashe da yawa ke buƙatarsa. Kuma ba sai mun je Koriya ko Japan aro ba. Kokawar da muka tashi muna yi a dandali ta isa ta zama tushen wannan horo.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana"

Hujjar matashin nan ita ta fi yawo a bakin mutane, kuma tana da ƙarfi. Tarihinmu ma yana goyon bayanta. A Fabrairun 1903 rundunar Turawa ta tsaya a bayan ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, rana ɗaya birnin ya faɗi. A watan Maris Sakkwato ta bi baya. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa.

Waɗanda suka kwanta dama a wuraren nan ba ragwaye ba ne. Sun iya takobi, sun iya mashi, sun iya sukuwa. Harsashi ne ya same su tun kafin su iso inda takobi ke aiki. Duk mai cewa ƙarfin damtse zai tare bindiga mai sarrafa kanta, so yake a kashe 'ya'yan mutane, kuma ba na tare da shi.

To amma shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, aka tura sojan doki zuwa Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato. Mutanen garin talakawa ne, makamansu fartanya da gatari da 'yan masu. Sojojin suka matso gab da garin ba su gama daidaita sahu ba, jama'a suka auko musu, dawakai suka firgita, aka cakuɗe. Nan aka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, aka ƙwace bindiga mai ruwan. Wata guda bayan haka Turawa suka dawo da shiri, suka tsaya daga nesa, suka kashe mutum kimanin 2,000, suka shafe garin daga doron ƙasa.

Duba ranakun nan biyu da kyau. Makamai iri ɗaya ne, abokan karawa iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su tazara ce kawai. Muddin akwai tazara, bindiga ce ke mulki. Da zarar tazarar ta ƙare, bindiga ta koma sanda mai nauyi, sai abin da jiki ya iya.

Wani zai ce ai wannan labarin shekara ɗari ne. To mu dawo kusa. Ranar 15 ga Yunin 2020, sojojin Indiya da na Sin suka gwabza a kwarin Galwan, can saman duwatsun Himalaya. Ƙasashe ne biyu masu makaman nukiliya, da jiragen yaƙi, da tauraron ɗan'adam. Amma akwai yarjejeniyar 1996 da ta hana harbi a kusa da layin iyakarsu, don haka da duwatsu da sanduna da kulake masu ƙusa aka yi, cikin duhu da sanyi. Indiya ta rasa soja 20, har da kanar ɗinsu. Sin ta amsa daga baya cewa nata 4 sun mutu. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

A Mayun 2004, kusa da garin Amara a kudancin Iraƙi, aka yi wa sojojin Birtaniya kwanton ɓauna. Sai da suka sauko daga motocin sulke, suka ɗaura banati, wato wuƙar bakin bindiga, suka faɗa ramukan abokan gaba. A Nuwamban shekarar, a Falluja, wani sajen Amurka mai suna David Bellavia ya ƙare da wuƙa a hannu yana birgima da mutum a cikin ɗaki mai duhu. A 2019 aka ba shi lambar jarumta mafi girma ta ƙasarsu.

Akwai kuma wani nazari da aka yi a makarantar horon hafsoshi ta West Point a kan amsoshin sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙi tsakanin 2004 da 2008. Kusan ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa yin faɗan hannu a bakin aiki. Kuma mafi yawan faɗan riƙe-riƙe ne da kokawa, naushi da shuri kaɗan ne. A riƙe wannan magana, zan dawo kanta.

Idan sojan da ya fi kowa kayan aiki a duniya bai tsira daga a cakumi wuyansa ba, ina ga namu?

Inda sojanmu yake tsayawa

Ka tambayi kanka, a ina ka fi ganin soja? Ni dai a kan titi nake ganinsa. Daga Maiduguri zuwa Damaturu, daga Funtuwa zuwa Gusau, daga Jos zuwa ƙauyukan da ke zagaye da ita, shinge ne bayan shinge. Soja ke leƙa mota, soja ke buɗe but, soja ke laluba aljihu. Shi ake kira ranar zaɓe, shi ake kira in an sa dokar hana fita, shi ke shiga gida-gida neman wanda ake zargi. Aikin ɗan sanda ne aka jibga masa shekara da shekaru, kuma kusan duk aikin ana yin sa ne a tazarar da hannu zai kai.

Su kansu 'yan kato-da-gora da suka taso a Maiduguri a 2013, da me suka fara? Da gora da adda. Abin da birnin ke buƙata a lokacin shi ne mai iya tare mutum, ya bincike shi, ya riƙe shi har a zo a karɓa. Tankar yaƙi ba ta wannan aikin.

A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya auna wani abu da har yau ake koyarwa. Mutum mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da ɗoriya, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Kafin ka zaro bindiga ka saita, ya iso. To sojanmu da ke bakin shinge, tsakaninsa da mutanen da yake bincika ko taku biyu babu.

Bari in faɗi abin da idona ya gani. Muna dawowa daga tafiya a motar haya, aka tsayar da mu a wani shinge. Gardama ta kaure tsakanin yaron wata babbar mota da wani soja matashi a kan sauke kaya. Sojan ya hankaɗa shi, yaron ya yi taga-taga zai faɗi, hannunsa ya kamo maratayin bindigar. Na tabbata neman abin dafawa yake. Amma na ga idon sojan, kuma abin da na gani a ciki tsoro ne. Ya shiga fizga yana ja da baya, ya ɗana bindigar, bakinta na yawo ta kan motarmu, mata na salati.

Sai ga wani saje a guje. Da hannu ɗaya ya danne bakin bindigar ƙasa, da ɗayan ya murɗe wuyan hannun yaron motar, yaron ya saki ya durƙusa. Kafin a ce kwabo komai ya lafa. Ba a harbi kowa ba, ba a fasa wa kowa baki ba.

Na daɗe ina tunanin mutanen nan biyu. Kaki ɗaya, bindiga ɗaya. Ƙaramin abu biyu kawai yake da su, tsawa da harsashi. Da tsawa ta gaza, sai ya tsallaka zuwa na biyun. Sajen kuwa yana da abin yi a tsakani, shi ya sa hankalinsa ke kwance. Mu da ke cikin motar ranmu ya rataya ne a kan wannan bambanci.

Sau nawa muke jin an ce "bindiga ce ta tashi bisa kuskure"? Sau da yawa abin da ya faru shi ne yaro ɗan shekara ashirin ya tsorata, kuma yatsansa ne kaɗai aka horar.

"Za su ƙara dukan mutane"

Wannan ita ce hujjar da ta fi damuna, domin masu yin ta ba daga sama suka tsinto ta ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin an sa magidanci tsallen kwaɗo a gaban iyalinsa ba? Wane ne bai ga an sa ɗan acaɓa birgima a kwata ba? A Fabrairun 2017 duk ƙasar nan ta kalli bidiyon sojoji biyu suna jibgar wani gurgu a Onica saboda ya sa tufa mai kama da kaki. Rundunar soja ta rage musu muƙami ta ɗaure su kwana 21. Mai tambaya yana da gaskiya in ya ce, mutanen da ke wannan da bulala da takalmi, in an koya musu murɗe gaɓa fa?

Ga amsata. Sojojin Onica ba su buƙaci wata ƙwarewa ba kafin su doki gurgu. Mari da shuri da dukan gindin bindiga, kowa ya iya su tun daga gida. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne ya kama ƙato mai turjiya, ya kwantar da shi, ya sa masa ankwa, ba tare da ya karya masa haƙarƙari ba. Wannan sai an koya. Wanda bai iya kamu ba duka yake yi, domin shi ne abin da ya sani.

Na tashi a cikin 'yan kokawa, kuma na lura da wani abu da duk wanda ya zauna da su zai shaida. Wanda ake kayarwa kullum a fili ba ya cika neman faɗa a kasuwa. Ya san girmansa, ya san akwai na gaba da shi, ya ɗanɗani ƙasa a bakinsa. Mai yawan cika baki da zare ido shi ne wanda bai taɓa gwada kansa da tsaransa ba. Kurtun da abokinsa ya yi ƙasa da shi sau ɗari kafin a yaye shi, da wuya ya ji sai ya mari dattijo kafin ya san shi namiji ne.

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ma da kalmar kokawa ya zo: mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Mallakar kai kuwa ba a koyon ta da lacca. Sai an sa ka a inda zuciyarka ke tafasa, mutum ya danne ka numfashi na neman ƙarewa, sannan a ce ka yi tunani, ka bi ƙa'ida, ka saki da zarar ya sallama.

Duk da haka ba zan yaudari kowa ba. Horo shi kaɗai ba ya gyara azzalumi. Idan soja ya san zai doki farar hula ya kwana lafiya, zai doka, ya iya kokawa ko bai iya ba. Dole hukunci ya tafi tare da horon, kuma hukuncin da ba sai bidiyo ya yaɗu a Facebook ba kafin a yi shi. Duk darasin kamu a haɗa shi da darasin lokacin da aka halatta kamun da lokacin da aka haramta. Idan ba za a yi wannan ba, ni ma na bi sahun masu cewa a bari.

Me ya sa kokawa?

Ƙasashen da suka yi suna a wannan fage, da abin gidansu suka fara. Tarayyar Sobiyet ta tattara kokawar al'ummominta, ta Jojiyawa da ta Uzbekawa da ta Tatar da sauransu, ta gauraya da judo, ta fitar da abin da ake kira sambo, wanda hukuma ta amince da shi a 1938. Krav Maga na sojan Isra'ila, wanda ya ƙirƙiro shi, Imi Lichtenfeld, ɗan kokawa ne kuma ɗan dambe da ya koyi darasinsa a faɗan titunan Bratislava a shekarun 1930. Tekwando da kuratanmu ke kwaikwayo, wani janar na sojan Koriya ta Kudu, Choi Hong Hi, yana cikin waɗanda suka kafa shi, kuma a barikinsu ya yi ƙarfi.

Amurka da ba ta sami abin da take so a gida ba, sai ta ɗauko kokawar ƙasa ta Barazil a shekarun 1990 ta gina tsarin sojan ƙasanta a kai, ta fitar da littafin koyarwa a 2002. Dalilinta shi ne abin nan da na ce a riƙe. Faɗan da soja ke samun kansa a ciki, riƙe-riƙe ne. Wani ya kama bindigarka, wani ya rungumo ka ta baya, wani ya shaƙe ka a lungu. Sanye da hular kwano da rigar sulke da gidajen harsashi a ƙirji, ba mai iya ɗaga ƙafa ya shuri kan mutum.

To mu me muka rasa? A Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, wadda aka fara a Tawa. Kowace shekara jihohi takwas ke kawo gwanayensu, ƙasa ta tsaya cik, tun daga Yamai har Diffa kowa na manne da rediyo. Yaron da ya tashi a Dosso yana jin sunan zakaran kokawa Issaka Issaka ba ya buƙatar a faɗa masa mene ne kaye. A wannan gefen ma, daga Argungu zuwa Gumel, bayan an kawar da amfanin gona fili ake sharewa a yi kokawa. Wanda bai yi kokawa ba ya yi langa, kuma duk wanda ya yi langa ya san yadda ake tsayuwa da ƙafa ɗaya ana tunkuɗarka ba ka faɗi ba.

Abin da ɗan kokawa ya iya shi ne daidai abin da soja ke nema. Ya san inda nauyin mutum yake. Ya san yadda zai kafa ƙafa a kasa ɗaga shi. Ya san taɗiya, ya san kamun ƙugu, ya san yadda ake kuɓuce wa riƙo. Kuma ya san ya gama da mutum yana tsaye, wanda ga soja ya fi komai, domin wanda ya bi abokin gaba ƙasa ya ba na biyu damar ya sare shi ta baya.

Kada kuma wani ya ce ai soja ba na Hausawa kaɗai ba ne. Gaskiya ne, kuma kokawa ma ba tamu kaɗai ba ce. Bacama sun shahara da ita, Ibo suna yi, Yarbawa suna yi, Ijo kuwa su ne suka kai ta duniya. Daniel Igali ɗan Bayelsa ya ci zinare wa Kanada a gasar Olamfik ta 2000, Blessing Oborududu ta kawo wa Najeriya azurfa daga Tokyo. Da wuya ka sami abin da kurtu daga Numan da na Yenagoa da na Kauran Namoda duk suka zo da shi daga gida kamar wannan.

Ga mai ɗari-ɗari ta fuskar addini, ya tuna da ranar Uhudu. An mayar da Samura ɗan Jundubu saboda ƙuruciya, aka bar Rafi'u ɗan Khadiju saboda ya iya harbi. Samura ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokawa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kayar da shi, aka bar shi ya fita.

Dambe fa? Ina son dambe, na sha tsayuwa a gidan dambe tun ina yaro, amma a nan sai an yi tankaɗe da rairaya. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da zare ya kai duka da shi, ɗayan yana tarewa. Sojan da ya kai wa hular kwano ko ƙoƙon kai naushi da hannu tsirara, yatsunsa zai karya, kuma mai karyayyen hannu ba ya harbi. Sannan dukan kai yana barin lahani da ba a gani sai bayan shekaru, mun ga yadda wasu tsofaffin 'yan dambe suka ƙare.

Abin ɗauka a dambe shi ne zuciya. Mutum ya shiga fili ana kiɗa masa kalangu, ya san naushi ɗaya zai iya kai shi ƙasa a ce an kashe shi, amma ya sa zare ya tsaya turmi uku ido cikin ido. Sojan laima na Birtaniya suna da irin wannan a gwajin shigarsu: minti ɗaya cur ana naushin juna da safar dambe, ba kaucewa, ba ja da baya. Ba gwanin naushi suke nema ba, so suke su ga wanda zai ci gaba bayan an fasa masa hanci. Wannan ɗan abin, da safa da hular kariya da likita a gefe, ya isa.

Layu da guraye da maganin tauri kuwa a bar su a ƙofar bariki. Fasa dutse a ciki da sare bulo danginsu ne, duk suna koya wa yaro cewa jikinsa ya fi ƙarfin ƙarfe, kuma wannan tunanin ya kashe mutane da yawa a dajin nan.

Lokaci da kuɗi

Saura masu cewa kurtu wata shida kawai yake yi a Dafo Zariya, a ciki zai koyi harbi da fareti da karatun taswira da taimakon farko, ina lokacin kokawa? Kuma sojan da ke kukan ƙarancin harsashi da alawus, a fara share masa wannan hawayen tukuna.

Na yarda harbi ne gaba da komai, kuma duk awar da za a cire daga filin harbi ban goyi baya ba. Sojan ƙasa na Amurka ma a 2010 ya cire atisayen sukan banati daga horon kurata don ya sami lokacin abin da ya fi amfani. Amma bai cire kokawa ba. Sojan kundunbalar ruwansu kuwa tun 2001 suke da tsari mai ɗamara launi biyar, kowane soja yana hawa mataki-mataki tsawon aikinsa.

Lokacin da nake nema yana nan, ana ɓarnatar da shi ne. Makonnin da ake ɗauka ana maimaita naushin iska don ranar biki, da awannin gwale-gwalen da ba ya koya wa kowa komai sai ƙiyayya, su za a karkatar. Kuɗi kuwa, a duk kayan soja babu mai arhar wannan. Yashi ne, da bindigar katako, da wuƙar roba, da malami. Malaman ma suna nan a garuruwanmu, tsofaffin zakarun da ƙarfi ya fara ja baya, da masu horar da 'yan wasan ƙasa. A zaunar da su da sajen da suka yi Sambisa da Tafkin Cadi, waɗanda suka san yadda faɗan ke zuwa a zahiri, su tace dabaru goma ko goma sha biyu. Ba a buƙatar ɗari.

Kuma kada abin ya tsaya a Zariya. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da jiki bai maimaita ba mantawa yake yi. Kowace bataliya ta ware awa biyu a mako, hafsan da ya fito daga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna ya tuɓe ya shiga yashi tare da yaransa. Mata sojoji su ma a ba su cikakken rabonsu, tunda su ake turawa su laluba mata a shinge, su ne hannunsu ke fara taɓa abin da aka ɓoye a ƙarƙashin hijabi.

Za a ji ciwo, wannan babu makawa. Za a yi targaɗe, wani zai goce kafaɗa. Shi ya sa ake farawa da koyon faɗuwa kafin koyon kaye, a haɗa mutum da sa'ansa a nauyi, a hana shaƙa da murɗiya sai a gaban malami.

A bikin yaye na gaba, abin da nake so a nuna wa iyayen da suka zo daga nesa shi ne kurtu tsaye da cikakken kayansa, hula da sulke da bindiga a rataye. A saki ƙato biyu daga cikin abokansa su auka masa ba tare da an shirya wanda zai faɗi ba, ɗaya na neman ƙwace bindigar, ɗaya na riƙe da wuƙar roba. A ga ko zai riƙe makaminsa, ya kwantar da na farko, ya buɗe tazara tsakaninsa da na biyu, yatsansa bai taɓa kunama ba. Wanda ya kasa a mayar da shi yashi ya ƙara mako biyu kafin a tura shi shinge.